Haruffa 160: Tarihin Wani Awo a Sana'ar Gyara Shafukan Intanet

A ƙarƙashin kowane sakamako da injin bincike yake fitarwa, wato irin manhajar da mutum yake rubuta wa abin da yake nema ta jero masa shafukan da suka dace, akwai layi biyu ko uku da suke gaya wa mai karatu abin da zai tarar idan ya latsa. Waɗannan 'yan layuka, da yawancin mutane suke wucewa ta kansu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sun kusa shekara talatin suna jawo muhawara a tsakanin masu wata sana'a da aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na SEO, wadda aikinta shi ne gyara shafi da tsara shi yadda injin bincike zai fahimce shi, ya kuma ɗora shi a saman jeri. Tambayar da ta fi yawo a bakinsu ita ce tsawon da ya kamata bayanin shafi ya kai, amsar da aka saba bayarwa kuwa ita ce haruffa 155 zuwa 160, ana lissafawa har da guraben da ke tsakanin kalmomi. Babu wata hukuma da ta kafa wannan adadi, kuma ba a rubuta shi a ƙa'idojin harshen da ake gina shafuka da shi ba. Al'ada ce da 'yan sana'a suka gina daga lura da inda wani kamfani yake datse musu rubutu, kuma tarihinta a haɗe yake da wata takaddama da ta fi ta girma, wato ta sanin wanda yake da haƙƙin faɗin abin da rubutu ya ƙunsa, tsakanin marubucin da ya yi shi, da editan da ya duba shi, da na'urar da ta karanta shi.

Taƙaita littafi domin amfanin wanda bai riƙe shi a hannu ba tsohon aiki ne da ya girme wa kwamfuta da ƙarnoni masu yawa. Ibn al-Nadim, wanda sana'arsa ita ce kwafar littattafai da sayar da su a Bagadaza, ya kammala shahararriyar Fihirisarsa wajen shekara ta 987, ya jero a cikinta littattafan da aka sani da Larabci a zamaninsa tare da sunayen mawallafansu da bayani a kansu, domin malami ya san abin da ke akwai kafin ya tashi nemansa. Ɗakunan karatu na Turai da Amurka sun mayar da wannan aiki kan ƙananan katuna a ƙarni na 19, aka daidaita girman katin a santimita 7.5 da 12.5, sannan a 1901 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fara buga irin waɗannan katuna yana sayar wa sauran ɗakunan karatu. A wannan tsari girman wurin rubutu shi yake yanke tsawon bayani, domin abin da bai shiga kati ba sai a bar shi ko a ƙara wani katin. Sannan ma'aikacin ɗakin karatu ne yake rubuta bayanin, mutumin da ba shi da riba ko asara idan aka ɗauki littafin ko aka bar shi a kan kanta, saboda haka mai karatu ba shi da dalilin zarginsa da zuzutawa.

Tunanin cewa na'ura za ta iya yin wannan aiki da kanta ya samo tushe ne daga Hans Peter Luhn, injiniya haifaffen Jamus da ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka. A 1958 ya wallafa maƙala kan yadda kwamfuta za ta taƙaita rubutun kimiyya ta hanyar ƙirga kalmomin da suka fi maimaituwa, sannan ta tsamo jimlolin da waɗannan kalmomi suka fi taruwa a cikinsu. A daidai wannan lokaci ya gabatar da wata hanyar fihirisa da take nuna kalmar da ake nema a tsakiyar layi, tare da 'yan kalmomin da suka gabace ta da waɗanda suka biyo bayanta, yadda mai bincike zai ga muhallin da ta zo a ciki. Bayan shekara arba'in wannan dabara ta zama ginshiƙin abin da Google yake nunawa.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiri tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, tsakanin 1989 da 1991, shafukan ba su kai yawan da za a buƙaci injin nemo su ba, har ma shi da kansa yake ajiye jerin sababbin wuraren da aka buɗe. Cikin shekara uku abin ya fi ƙarfin hannu. A 1994 Brian Pinkerton na Jami'ar Washington ya fito da WebCrawler, wanda yake karanta dukan rubutun shafi ya adana, Michael Mauldin na Jami'ar Carnegie Mellon ya fito da Lycos, sannan a Disamba 1995 kamfanin Digital Equipment ya buɗe AltaVista, wanda ya zarce na gabansa a sauri da yawan shafuka. Dukansu sun ci karo da matsala guda, wato abin da za su rubuta a ƙarƙashin sunan shafi bayan sun gano shi. Hanya mafi sauƙi ita ce kwaso kalmomin farko na shafin, amma sau da yawa kalmomin farko ba sa wuce jerin maɓallan shiga sassa, ko gaisuwar maraba, ko sanarwar irin manhajar da ta fi dacewa a buɗe shafin da ita, abubuwan da ba sa ƙara wa mai nema komai.

Maganin ya fito ne daga harshen HTML, wato harshen alamomin da ake rubuta shafi da shi domin manhajar buɗe shafuka ta san ina kanu yake, ina sakin layi, ina hoto. Kowane shafi yana da sassa biyu, akwai gangar jiki da mai karatu yake gani, akwai kuma kai, inda ake ajiye bayanan da na'ura take karantawa. Ƙa'idar HTML ta biyu, wadda Berners-Lee da Dan Connolly suka wallafa a Nuwamba 1995, ta tanadi wata alama mai suna meta da ake sakawa a wannan kai, wadda take ɗaukar suna da ƙunshiya, ba tare da an ƙayyade tsawon abin da za a zuba a cikinta ba. A watan Maris na wannan shekarar ma'aikatan ɗakunan karatu da masana kwamfuta sun riga sun taru a garin Dublin na jihar Ohio, suka tsara jerin bayanan da ya kamata kowace takarda ta ɗauka game da kanta, wanda aka sani da Dublin Core, wanda daga baya ya kai abubuwa 15, ciki har da bayanin ƙunshiya. Sai dai kasuwa ba ta bi tsarin malaman ba. Abin da ya yaɗu shi ne alamomi biyu masu sauƙi da AltaVista da takwaransa Infoseek suka fara karɓa wajen 1996, ɗaya ta bayanin shafi, wadda injin yake nuna ƙunshiyarta a ƙarƙashin sunan shafin, ɗaya kuma ta muhimman kalmomi, wadda yake dubawa domin sanin tambayoyin da shafin ya dace da su. Kowane inji yana da iyakarsa, wani ya datse a wajen haruffa 150, wani ya bari har ya haura 200, wani ma ya ƙi kula alamar ya haɗa tasa taƙaitawar, shi ya sa littattafan koyarwa na lokacin suka riƙa ba da adadi daban-daban.

Abin da aka yi a nan sabon abu ne a tarihin fihirisa, domin an miƙa wa mai kaya alƙalamin da a da yake hannun ma'aikacin ɗakin karatu. Hujjar yin haka tana da ƙarfi, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda ya kai marubuci sanin abin da ya rubuta. Amma da aka gane cewa fitowa a saman jeri kuɗi ne, sai amana ta yi ƙaranci. Masu shafuka suka riƙa maimaita kalma ɗaya babu adadi a alamar muhimman kalmomi, suna zuba sunayen taurarin fim da na mawaƙa a shafukan da ba ruwansu da su, suna ɓoye farin rubutu a kan farin fili yadda inji zai karanta amma mutum ba zai gani ba, wasu kuma suna saka sunan kamfanin da suke gogayya da shi domin su janye masa masu nema. Wannan na ƙarshen sai da ya kai gaban alƙali. A 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Tara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Brookfield Communications da na West Coast Entertainment, mai shagunan hayar kaset ɗin bidiyo, cewa saka alamar kasuwancin wani a cikin alamomin meta yana iya zama keta haƙƙi ko da mai saye zai gane kuskurensa da zarar ya isa shafin, domin an riga an karkatar da shi tun a hanya. A cikin wannan hayaniya ce sana'ar SEO ta samu sunanta wajen 1997, shekarar da ɗan jarida Danny Sullivan ya kafa Search Engine Watch, mujallar intanet da ta zama makarantar farko ta 'yan sana'ar. Zuwa 2002 AltaVista kansa ya daina dogara da alamar muhimman kalmomi, Sullivan kuma ya rubuta cewa zamaninta ya wuce.

Yayin da injina suke fama da maguɗi, akwai wata hanya da take tafiya a gefe, wadda ta fi kusa da tsohon aikin ɗakin karatu. Yahoo, wanda Jerry Yang da David Filo suka fara a Jami'ar Stanford a 1994, kundi ne da ma'aikata suke dubawa da idonsu, mai shafi ya aiko da bayanin da bai wuce kalmomi 25 ba, edita ya gyara ko ya sake rubutawa, kuma daga baya sai da aka riƙa biyan dala 299 a shekara domin shafin kasuwanci. A 1998 Rich Skrenta da Bob Truel da abokansu suka kafa wani kundin da editocin sa-kai suke gudanarwa, wanda kamfanin Netscape ya saya, aka san shi da Open Directory Project ko DMOZ, kuma ƙa'idarsa ta hana kalmomin talla da kambamawa, ta nemi jimla ɗaya ko biyu da za su faɗi abin da shafin yake da abin da za a samu a cikinsa. Kalmomi 25 na Ingilishi sukan kai wajen haruffa 150 idan aka ƙirga, saboda haka tun kafin Google ya mamaye fagen idon 'yan sana'a ya riga ya saba da wannan tsawo.

Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka yi wa rajista a Satumba 1998, ya zo da ƙa'idar da ta rage darajar abin da shafi yake faɗi game da kansa. Tsarinsu na PageRank yana auna shafi ne da yawan shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi da kuma ƙimar su kansu masu nunin, wato shaidar wasu ta fi yabon kai nauyi. A wajen layukan da ke ƙarƙashin sakamako kuma ya bi tafarkin Luhn, yana yanko gutsuren rubutu daga cikin shafin a daidai inda kalmomin mai tambaya suka bayyana, yana kaurara haruffansu, ta yadda shafi ɗaya zai iya fitowa da bayani iri biyu ga mutum biyu da tambayarsu ta bambanta. Ya shafe shekaru yana zaɓa daga majiya uku, wato bayanin da mai shafi ya rubuta a alamar meta, da rubutun shafin kansa, da bayanin editan DMOZ. Masu shafuka da yawa sun ƙi jinin ta ukun, domin bayanin edita yakan tsufa, kamfani ya sauya hajarsa amma jimlar da wani ɗan sa-kai ya rubuta shekarun baya tana nan tana wakiltarsa, har a 2006 manyan injina suka amince da wata alama mai suna NOODP da take hana a ɗauko bayani daga can. Yahoo ya rufe kundinsa a ƙarshen 2014, DMOZ ya rufe a Maris 2017, editan ɗan'adam ya fita daga lissafi, aka bar marubuci da na'ura su kaɗai.

A wannan zamani na Google ne adadin 160 ya zauna da gindinsa. Filin da ake nuna sakamako yana da ƙayyadadden faɗi, kuma an saba ba kowane bayani layi biyu, kowane layi yana ɗaukar abin da bai wuce haruffa 80 ba, abin da ya haura sai a datse shi a saka ɗigo uku. 'Yan sana'a suka tara sakamako suka ƙirga, suka ga datsewar takan faɗo ne tsakanin 150 da 160, suka mayar da abin da suka gani shawara, shawarar kuma ta shiga littattafan koyarwa irin na kamfanin Moz, wanda Rand Fishkin da mahaifiyarsa Gillian Muessig suka assasa a Seattle a 2004, daga nan ta bazu zuwa harsuna da ƙasashe. Adadin ya yi daidai da iyakar saƙon tes na wayar salula, amma dalilin kowannensu daban ne. Iyakar saƙon tes, wadda ake danganta zaɓenta ga Bajamushen injiniya Friedhelm Hillebrand a tsakiyar shekarun 1980, ta fito ne daga girman gurbin da aka ware wa saƙon a tsarin sadarwa na GSM, kuma lissafi ne da ba ya motsi, shi ya sa saƙon da aka saka ƙ ko ɗ a cikinsa yake komawa haruffa 70, kasancewar waɗannan haruffa ba sa cikin jerin asali na tsarin. Iyakar bayanin shafi kuwa ƙiyasi ne da yake rataye da shawarar masu zanen shafin Google, waɗanda suke iya sauya girman harafi ko faɗin fili a duk ranar da suka ga dama.

Shekara ta 2009 ta kawo sanarwa biyu da suka isa su raunana al'adar, amma ba su raunana ta ba. A watan Maris Google ya bayyana cewa zai ƙara yawan layukan bayani idan tambaya ta wuce kalmomi uku, domin doguwar tambaya tana buƙatar fili kafin a nuna yadda kalmominta suka zo a shafi, wanda hakan ya tabbatar da cewa tsawon yana bin tambaya ne. A watan Satumba kuma Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da maguɗi na kamfanin a lokacin, ya sanar da cewa ba a amfani da alamar muhimman kalmomi wajen jera sakamako, kuma ita ma alamar bayanin shafi, ko da yake ana nuna ta wani lokaci, ba ta ɗaga shafi ko saukar da shi. Daga nan aikin bayanin ya sauya fuska. Tun da ba zai burge inji ba, sai aka mayar da shi wurin jan hankalin mutum, aka riƙa auna nasararsa da adadin waɗanda suka latsa cikin waɗanda suka gani, rubuta shi kuma ya koma hannun masu rubutun talla, waɗanda datsewar jimla a tsakiya take yi musu ciwo fiye da kowa.

Abin da ya mayar da ƙiyasi ya zama kamar doka shi ne kayan aiki. Joost de Valk, ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙiri wata ƙaramar manhaja mai suna Yoast da ake jona wa WordPress, tsarin wallafa shafuka da miliyoyin mutane suke amfani da shi, wadda take nuna wa marubuci wani zare mai launi a ƙarƙashin akwatin bayani, ya zama kore idan tsawon ya yi daidai, ya sauya launi idan ya gaza ko ya haura haruffa 156. Manhajojin binciken lafiyar shafi suka riƙa fitar da rahoton da yake jera kowane bayani mai tsawo a matsayin kuskure, kuma shi kansa Google ya ƙara wa abin ƙarfi, domin a dandalinsa na masu shafuka ya daɗe yana nuna jerin bayanan da suka yi tsawo, da waɗanda suka yi gajarta, da waɗanda aka maimaita, alhali jagorar da ya wallafa wa masu koyo a 2008 ba ta ba da wani adadi ba. A nan ne raunin sana'ar ya fi bayyana. Ingancin jimla abu ne mai wuyar nunawa ga wanda ya biya kuɗin aiki, adadin haruffa kuwa ana iya ƙirga shi a saka a rahoto, saboda haka aka samu ma'aikata da yawa da suke ɓata sa'o'i suna rage harafi uku daga bayanin da tun asali bai faɗi komai ba, suna barin tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko bayanin ya gaya wa mai nema gaskiyar abin da ke cikin shafin.

Ƙirgan haruffa ma a kan kansa bai cika daidai ba, domin a irin rubutun da Google yake amfani da shi haruffa ba faɗinsu ɗaya ba, harafin m ko w yana cin wurin da i ko l uku za su shiga. Bayan sake fasalin shafin sakamako a 2014, masu lura suka koma auna rubutu da fiksel, wato ƙananan ɗigogin haske da suke haɗuwa su zama hoto a fuskar na'ura, suka riƙa ambaton wajen fiksel 920 a kwamfuta da wajen 680 a waya, wanda ya yi daidai da haruffa 120 ko kusa da haka. Kwanan watan da ake liƙawa a farkon bayanin labarai shi ma yana cinye wani ɓangare na filin. A 2015 Google ya sanar da cewa binciken da ake yi ta waya ya zarce na kwamfuta a ƙasashe goma, ciki har da Amurka da Japan, wanda ke nufin adadin da aka auna a fuskar kwamfutar tebur ya daina wakiltar abin da yawancin masu nema suke gani.

Babbar jarrabawar al'adar ta zo ne a ƙarshen 2017. A ƙarshen Nuwamba masu sa ido suka lura cewa bayanai sun fara kai layi uku da huɗu, a farkon Disamba kuma Google ya tabbatar da cewa ya tsawaita su, har wasu suka riƙa kaiwa haruffa 320. Danny Sullivan, wanda ya bar aikin jarida ya shiga Google a wannan shekarar a matsayin mai magana da jama'a kan harkar bincike, ya ja kunnen masu shafuka da kada su yi gaggawar sake rubuta bayanansu, domin yawancin dogayen gutsuren daga cikin shafi ake yanko su. Mutane da yawa ba su saurara ba. Peter Meyers na kamfanin Moz ya nazarci dubban sakamako ya ba da shawarar haruffa 300, Yoast ya ɗaga iyakarsa zuwa 320, kamfanoni suka ɗauki marubuta suka sake rubuta bayanan shafuka masu ɗimbin yawa, aka biya kuɗin aikin. A tsakiyar Mayu 2018, wata biyar da 'yan kwanaki bayan sauyin, bayanai suka sake gajarta, Sullivan ya tabbatar da hakan, ya ce a matsakaici sun ɗan fi na kafin Disamba tsawo, ya kuma nanata cewa babu wani tsayayyen adadi, tsawon yana bin abin da tsarin ya ga ya fi amfani. Moz da Yoast suka koma tsohon awonsu. Waɗanda suka fi asara su ne waɗanda suka ajiye muhimmiyar maganarsu a ƙarshen dogon bayani, domin ita ce ta faɗa bayan ɗigo uku, waɗanda suka fara da ainihin saƙon kuwa, suka bar ƙarin bayani ya biyo baya, abin da suka rasa kaɗan ne. Wannan tsohuwar ƙa'idar rubutun labarin jarida ce, inda ake saka mafi muhimmanci a farko domin edita ya iya yankewa daga ƙasa, kuma ita ce ta tsira daga dukan sauye-sauyen da adadi bai tsira daga gare su ba.

Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna iyakar ikon marubuci. A 2020 kamfanin Ahrefs ya gano cewa Google yana nuna wani abu daban da bayanin da aka rubuta a kusan kashi 63 cikin ɗari na sakamakon da ya duba, kamfanin Portent kuma ya samu wajen kashi 70 a nasa binciken na wannan shekarar. Wannan bai mayar da rubuta bayanin aikin banza ba, domin idan tambaya ta yi daidai da babban jigon shafi, musamman idan sunan kamfani ko na jarida aka nema, jimlar marubuci ce ta fi samun damar fitowa. Akwai kuma wani fagen da bayanin yake aiki a wajen injin bincike. A 2010 Facebook ya fito da tsarin Open Graph, jerin alamomin meta da suke gaya wa dandalin sada zumunta sunan shafi da hotonsa da bayaninsa, kuma daga irin waɗannan alamomi ne ake haɗa ɗan akwatin da yake bayyana idan aka tura adireshin labari a WhatsApp. Ga jaridun Hausa, waɗanda labaransu suke yawo daga waya zuwa waya, wannan akwati shi ne sau da yawa abin da mutum zai karanta kafin ya yanke shawarar kashe datarsa a kan labarin, ko ma ya tura shi gaba ba tare da ya buɗe ba, saboda haka bayanin da ya zuzuta ko ya karkata yana iya yin tafiyar da gyaran da ke cikin labarin ba zai taɓa cim mata ba.

A Turai tsawon gutsuren ya zama batun doka. Jamus ta yi dokar da ta ba masu jaridu haƙƙi a kan amfani da rubutunsu a 2013, ta keɓe kalmomi ɗaiɗai da mafi ƙanƙantar gutsure ba tare da ta faɗi adadi ba, kamfanin jaridu na Axel Springer kuma ya gwada hana nuna gutsuren wasu jaridunsa a 2014, masu shiga suka ragu ƙwarai, ya janye bayan kimanin mako biyu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin mallaka a 2019, Faransa ta zama ta farko da ta aiwatar da sashen da ya shafi jaridu a watan Oktoba, kuma ana saura wata guda Google ya fito da sababbin umarni da mai shafi zai iya sakawa a shafinsa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna max-snippet, yana ba shi damar rubuta adadin haruffan da bai yarda a wuce ba, idan ya rubuta 0 ba za a nuna komai ba, idan ya rubuta -1 ya bar wa injin zaɓi, wani umarnin kuma yana ba shi damar killace wani sashe na shafin yadda ba za a yanko daga cikinsa ba. Wannan ne karon farko da mai shafi ya samu ikon furta adadi Google ya bi, sai dai ikon na ragewa ne kawai, babu umarnin da zai tilasta a nuna jimlarsa ko a tsawaita ta. Takaddamar kuɗi ta ci gaba duk da haka, har a Yuli 2021 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 500 saboda rashin tattaunawa da masu jaridu da zuciya ɗaya. A Mayu 2024 kamfanin ya fara nuna wa masu bincike a Amurka taƙaitawar da ƙirƙirarriyar basira take haɗawa daga shafuka da dama a saman sakamako, kuma bisa bayanin kamfanin, irin waɗannan umarni na taƙaita gutsure ne mai shafi zai yi amfani da su idan yana son ƙayyade abin da za a ɗauka daga rubutunsa zuwa cikinta.